Mu Biyu, Rigar Ceto Ɗaya

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu baki ɗaya. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan wannan magana, domin duk sanda na fara rubutawa sai raina ya ɓaci in kasa ƙarasawa. Yau dai na ce ko me za a yi sai na fitar da ita daga cikina. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara talatin da 'yan kai, ina zaune a Jidda ba takarda. Umara na je na ƙi dawowa, kamar yadda da yawanmu suka yi. Ni mutumin bakin kogi ne daga ƙasar Yawuri, gidanmu gidan masunta, a cikin kwalekwale na yi wayo. Na baro mata da 'ya'ya biyu a gida da niyyar in yi shekara biyu in koma, sai ga shi na shiga ta biyar. Aikina gyaran kifi a kasuwar kifi: in kankare, in farke ciki, in yanka yadda mai saye yake so. Kwana kuwa a wani ɗaki a lungunan unguwar Bab Makka, mu huɗu. Wanda bai taɓa zama ba iƙama ba, wato takardar izinin zama, ba zai san yadda mutum yake ƙanƙancewa ba. Kana tafiya kana waige, ana cin zalinka kana murmushi, wanda duk ya yi maka ɗan alheri sai ka ji kamar ka ɗauke shi a ka. A wannan hali na haɗu da mutumin da nake kira aminina.

Shi haifaffen Jidda ne, kakanninsa ne suka zo aikin Hajji suka zauna. Takardunsa lafiya lau, yana da aiki, yana da mota, yana zaune da iyalinsa a wani bene a unguwar Safa. Hausarsa rabi Larabci ce, kafin ya ƙare magana ya ce halas, wato shi ke nan, ya fi sau uku. Kifi yake zuwa saye wurinmu, ya ga yadda nake riƙe wuƙa, ya tambaye ni daga ina, hira ta ƙullu. Shekara uku muna tare. Na ci abinci a gidansa ba adadi, 'ya'yansa suna ce mini Ammu, wato Baffa, matarsa tana aiko mini da buɗa-baki duk azumi. Da na yi zazzaɓi shi ya kawo mini magani har ɗaki. Wallahi da a lokacin wani ya ce mini in yi hattara da shi, da faɗa za mu yi.

Sai ya sayi wani ƙaramin jirgin ruwa na hannu, mai inji ɗaya a baya, don fita kamun kifi ranar hutu. Tun daga ranar ya dame ni: wai ni ɗan masunta ne, kunya ce in shekara biyar a bakin teku ban taɓa jefa ƙugiya ba. Ni ma raina yana so, ba zan yi ƙarya ba. Ina kankare kifin da wasu suka kamo, hannuna yana ƙaiƙayi. Amma akwai matsala. A can ba a tura jirgi ruwa haka kawai. Akwai wurin da masu gadin teku suke tsayawa, su duba takardar jirgi da ta duk wanda zai shiga, su rubuta mutum nawa ne, su ga rigar ceto ta kowa, su ga na'urar kira. Ni kuwa ba ni da abin da zan nuna. Ya ce wannan ba komai ba ne. Shi zai bi ta wurin binciken shi kaɗai, ni in jira shi a wani bakin ruwa mai duwatsu can kudu da gari, ya zagayo ya ɗauke ni. Ya kuma roƙe ni kada in faɗa wa kowa, ko abokan ɗakina, don bakin mutane ba shi da kyau. Na amince.

A nan na fara yin abin da mahaifina ya hana ni tun ina ƙarami. Baba, Allah ya jiƙansa, ba ya tura kwalekwale sai ya zagaya shi yana danna katako da babban yatsa, ya ga ƙwaryar kwarfe ruwa tana ciki, ya ga filafili biyu ne ba ɗaya ba. Kuma ba ya barin gida sai ya gaya wa Inna wane ɓangaren kogi za shi da lokacin da zai dawo. Na taɓa shan mari a kan na manta ƙwarya. Duk wannan na sani kamar sunana. Amma ranar Asabar ɗin da muka sa na fita bayan sallar asuba, na ce wa abokan ɗakina kasuwa zan je.

Da ya iso ya ɗauke ni, ina taka jirgin na ji bayansa ya ɗan yi nauyi. Ƙafar ɗan ruwa ba ta yi masa ƙarya. Na duba na ga rigar ceto ɗaya ce tal a ƙarƙashin kujera, filafili ɗaya, ba bokiti, sai kular ƙanƙara da ya zuba ruwan sha da abinci. Na tambaye shi ko ya duba toshiyar baya, wato abin da ake murɗawa a toshe ramin da ake zubar da ruwa in an fito da jirgi tudu. Na tambaye shi batir da mai. Ya yi dariya, ya ce wai malamin kwalekwale ya zo zai koya wa mutanen teku aiki, komai tamam, halas, yalla maza in zauna kafin wani ya hango mu. Hannuna har ya kai kan murfin da ake ɗagawa a leƙa cikin ƙasan jirgin, na janye. Kunya ce ta kama ni. Mutum ya saka kansa a haɗari don ya faranta maka rai, kai kuma ka hau bincikar jirginsa kamar ba ka yarda da shi ba? Minti ɗaya ya ishe ni in ɗaga murfin nan, ban ɗaga ba.

Muka yi gudu kusan awa ɗaya, har gine-ginen Jidda suka zama hazo-hazo a bayanmu. Kai, teku ba kogi ba ne! Ruwa shuɗi fes, kana ganin duwatsun ƙasa. Muka kashe inji kusa da wani dogon dutse da ke kwance a ƙarƙashin ruwa, wanda suke kira sha'abi, an kafa masa ƙarfe a kai don jirage su kauce. Na jefa ƙugiya, kafin a jima na ciro kifin hamur biyu manya. Na yi ta dariya kamar yaro, na manta da iƙama, na manta da komai. Rabon da in ji daɗi irin na safiyar nan tun ina gida.

Wajen hantsi na ji sanyi a dugadugaina. Na duba, ruwa ne yake ɓullowa ta gefen murfin nan da na ƙi ɗagawa. Na fizge shi, na ga cikin jirgin ya cika taf, batir ya nutse. Ya murɗa makulli, inji ko tari bai yi ba. Famfon da ke fitar da ruwa shi ma da batir yake aiki, ya mutu. Na tuɓe takalmi da riga na faɗa ruwa na lalubi bayan jirgin, sai yatsana ya shige rami. Babu toshiya. Da na ɗago kai na tambaye shi, sai ya kau da ido, ya ce ai ta asalin ta ɓata tun makon jiya, ya sassaƙa guntun katako ya naɗe da leda ya cusa, ya yi niyyar sayen sabuwa bai samu sarari ba. Innalillahi! Ya sani ke nan tun da safe da nake tambayarsa, ya dube ni ya ce tamam. Ban tsaya faɗa ba. Na murɗe rigata na cusa a ramin iya ƙarfina, na hau, muka zazzage kular nan muka shiga kwarfa. Ni nake kwarfa, shi yana salati yana kiran sunayen 'ya'yansa. Muka rage ruwan, amma rigar ba ta hana shi tsattsafowa, kuma inji ya ƙi tashi. Muka jefa anga, amma iska ta riga ta ja mu wuri mai zurfi, igiya ba ta kai ƙasa ba.

Ba abin da ya rage sai a kira masu ceto. Ya ɗauko wayarsa, ya riƙe, ya ƙi dannawa. Sai ya juyo ya fara yi mini magana a hankali, hawaye a idonsa. Ya ce in suka zo suka same ni, an gama da shi: ya rubuta mutum ɗaya ga mutum biyu, kuma na biyun ba takarda. Za a ƙwace jirgi, a ɗaure shi, wataƙila a kore shi daga ƙasar, shi da bai san kowa a Najeriya ba, 'ya'yansa ko Hausa ba su iya sosai ba. Ni ma kuma kama ni za a yi. Ya ce ga dabara: in sauka a kan dutsen nan in riƙe ƙarfen, ruwan iya gwiwa ne, shi zai bari iska ta ja shi nesa kaɗan sannan ya kira. Da zarar an kai shi tudu zai ɗauko jirgin wani ɗan'uwansa ya dawo, kafin la'asar ina gida. Ya rantse da Allah, ya rantse da kabarin mahaifiyarsa. Na tuna yaran nan da suke ce mini Ammu, na tuna buɗa-bakin matarsa. Da hannuna na ɗauki filafilin nan ɗaya na tuƙa mu har bakin dutsen.

Da zan sauka na miƙa hannu zan ɗauki rigar ceto. Ya dafe ta. Ya ce ita ce abu na farko da za su tambaya, in ba su gan ta ba za su yi zargi. Wayata ma ya ce in bar ta, ruwan gishiri zai lalata ta. Ya ba ni gorar ruwa ɗaya. Na sauka daga ni sai singileti da wando, ba takalmi, domin a ruɗe na manta shi a jirgi. Ina tsaye ina kallo iska tana jan sa. Da ya yi ɗan nisa na hango shi yana jefa wasu abubuwa a ruwa, na ce a raina rage nauyi yake yi.

Bayan kamar awa ɗaya jirgin ceto ya zo. Ga abin da har yau in na tuna nake jin haushin kaina: ina ganin su, da na ɗaga hannu na yi ihu za su iya hango ni. Maimakon haka sai na durƙusa a bayan ƙarfen nan, na nutsar da jikina har wuya, don kada in jawo wa aminina masifa. Ina leƙe suka ɗaura masa igiya suka ja shi. Ni da kaina na ɓuya daga masu cetona.

Dutsen teku ba irin na kogi ba ne, kaifi gare shi kamar fasasshiyar kwalba, ga wasu halittu masu ƙaya a cikin ramukansa. Kafin azahar tafin ƙafata ya tsattsage, gishiri yana shiga. Rana ta dake ni har fatar kafaɗata ta tashi. Na yi sallar azahar a tsaye da ishara, hannu ɗaya a jikin ƙarfe. Ina kurɓar ruwan gorar kaɗan-kaɗan, ina yi masa lissafi: yanzu sun isa, yanzu yana amsa tambayoyi, yanzu ya je wurin ɗan'uwansa, yanzu ya taso. Bayan azahar iska ta ƙaru, igiyar ruwa ta fara dukana a ƙirji, sau biyu tana ɗauke ƙafafuna ina rataye da hannu. La'asar ta yi, ta wuce. Duk ɗigon fari da na hango a kan ruwa sai in ce ga shi nan. Ko a lokacin ban zarge shi ba, wallahi. Tsoro nake ji kada wani abu ya same shi, har addu'a nake yi masa.

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, hannuwana sun daina jin ƙarfen, na riga na yi kalmar shahada na sallama, sai ga wani jirgin katako na masunta 'yan Yaman yana komawa gida. Ba ni da muryar ihu, singiletina na cire na yi ta kaɗawa. Wani dattijo a cikinsu ne ya gan ni. Suka jawo ni ciki, suka ba ni ruwa da dabino, dattijon ya yage mayafinsa ya ɗaure mini ƙafa. Ya tambaye ni wa ya ajiye ni a nan, na ce jirginmu ne ya lalace, abokina ya tafi neman taimako. Ya daɗe yana kallona, ya girgiza kai. Ba su tambaye ni takarda ba. Suka sauke ni a inda ba idon mutane, ɗayansu ya kai ni har kusa da unguwarmu a motar kifi. Allah ya saka musu da Aljanna, ko sunansu ban sani ba.

Da na shiga ɗaki, abokan zamana suka yi kaina. Babbanmu, wani dattijo Bazazzagi mai ɗinki, shi ya gaya mini abin da ya karya ni. Ya ce da suka ga magariba ta yi ban dawo ba, wayata kuma ba ta shiga, ya kira aminin nawa tunda kowa ya san tare muke. Aminin ya ɗauka, a gida yake, ana jin muryar yara da talabijin. Ya ce musu shi rabonsa da ni kwana uku, bai san inda nake ba, wataƙila kame aka yi a kasuwa aka haɗa da ni. Na sa dattijon ya maimaita mini har sau uku. A nan ne abin da na hango yana jefawa a ruwa ya dawo mini: takalmina ne, da wayata, da ƙugiyar da na yi kamu da ita. Ba nauyi yake ragewa ba, shaidar cewa na taɓa shiga jirgin yake sharewa, tun ina tsaye ina kallon sa.

Sai da na kwana huɗu kafin in iya taka ƙasa. Na tafi Safa ina ɗingishi, na buga ƙofa. Da ya buɗe ya gan ni, sai ya firgita. Bai ce in shigo ba. Ya jawo ƙofar a bayansa ya sauko da ni wajen mota don kada matarsa ta ji. Ya ce an riƙe shi ana tambayoyi har bayan la'asar, ɗan'uwan nasa kuma ya ƙi ba da jirgi, sannan ya ga in ya koma ya ce akwai mutum a kan dutse ya tona wa kansa asiri. Wai ya san ni ɗan ruwa ne, ya san masunta suna bi ta wurin, ya bar wa Allah. Na tambaye shi abu ɗaya: da ban dawo ba, yaushe zai gaya wa matata? Can sai ya ce ai ga shi Allah ya kiyaye, alhamdulillah, halas, a bar maganar. Har ya sa hannu a aljihu zai ba ni wani abu in sayi waya. Na ji kamar in shaƙe shi a wurin, amma ko ɗaga murya ban isa in yi ba, domin in mutane suka taru ni za a fara tambaya takarda. Shi ma ya san haka. Ƙaramar 'yarsa ta leƙo ta taga tana kiran Ammu, Ammu. Na juya na tafi, ban sake taka unguwar ba.

Ba barin da ya yi mini a kan dutse ne ya fi ci mini rai ba. Tsoro yana sa mutum ya yi abin kunya, na san wannan, ni ma na zauna da tsoro shekara biyar. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ya koma gida ya ci abincinsa, aka tambaye shi ya ce bai gan ni ba. Da na mutu a ranar, babu mai sani. Sunana ba ya cikin takardar masu gadin teku, abokan ɗakina suna zaton kasuwa na je, su yi ta nemana a gidajen tsare mutane. Ba gawa, ba sallah, ba kabari. Bayan 'yan watanni na kai kaina ga hukuma aka dawo da ni gida. Da na ba matata labarin ba ta yi kuka ba, ta dai dube ni ta ce, ita ke nan da haka za ta zauna, ba ta san ko matar aure ce ko mai takaba ba, tana ce wa yara babansu yana Makka, har yaushe?

Ni ma ina da nawa laifin, shi ya sa na rubuto. Na san aikin ruwa fiye da shi, na ji nauyin jirgin a ƙafata, na ga abin da babu, amma na bar kunya da jin cewa alfarma ake yi mini suka rufe mini baki. 'Yan'uwana da ke zaune a can ba takarda, da ma duk mai shiga ruwa a ko'ina, ina roƙonku: kada ku hau jirgin da ba ku duba da idonku ba, ko na wane ne. Ɗaga murfi ka leƙa, taɓa toshiya da hannunka, mai jirgi ya ji haushi in ya ga dama. Kada ku bar gida ba wanda ya san inda kuka nufa da wanda kuke tare. Duk tafiyar da aka ce sai an ɓoye ka kafin a yi ta, ka sani ranar da abu ya ɓaci ma ɓoye ka za a yi. Yanzu na koma kamun kifi a koginmu, kuma duk asuba sai na zagaya kwalekwalena ina danna katako kamar yadda Baba yake yi, mutane suna cewa na cika tsoro. Ba na musu da su. Na dai san in kun kasance ku biyu, rigar ceto kuma ɗaya ce, tun daga bakin ruwa an riga an san wanda za a bari, kai ne kawai ba a gaya wa ba.